Dalar Cibiya

Anselmo Rentería bai gama kashe injin bas ɗinsa ba sai ga Fidencio ya hau yana haki, rungume da wani ɗan akwatin katako a ƙirji kamar mai ɗauke da jinjiri.

"Compadre, sauko. Akwai magana."

"Bari ko ruwa in sha mana. Tun da safe nake kan kujerar nan."

"Ruwa ba zai gudu ba. Sauko."

Suka tsaya a inuwar rumfar tasha, kusa da matar da ke gasa gordita, wainar masara mai ciko. Fidencio kafinta ne, aminin Anselmo tun suna samari, kuma shi ya riƙe Nayeli, 'yar Anselmo tilo, ranar da aka yi mata baftisma. Daga ranar babu wanda ya sake kiran ɗan'uwansa da suna, sai dai compadre, sunan da uban yaro da uban baftismarsa suke kiran juna.

Anselmo ya san akwatin, ko da yake sau ɗaya ya taɓa ganin sa a buɗe, ranar auren Fidencio. Daloli goma sha uku ne na azurfa a ciki, irin waɗanda ango yake zubawa a tafin amarya a gaban limamin coci. Kakan kakan Fidencio ya yi aiki a gidan buga kuɗi na garinsu, Zacatecas, lokacin da azurfar garin take zagaya duniya, kuma da su ya yi aure. Tun daga nan duk ɗa namiji na gidan da su yake aure, a gama biki a mayar da su, a rufe. Yanzu abin ya zo kan Ramiro, ɗan Fidencio ɗaya tak.

"Don Heraclio ne, uban yarinyar da Ramiro zai aura," in ji Fidencio. "Jiya mun je cin abinci gidansa, na nuna masa su. Ka dai san bakin mutumin nan. Wai irin waɗannan buhu-buhu ake shigowa da su daga ƙetare, har a bakin titi ana tallata wa baƙi. Wai in akwai jabu ko ɗaya a ciki 'yarsa ba za ta karɓa ba, shi zai je shago ya sayo sababbi masu ruwan zinariya. A gaban mata, compadre! A gaban ɗana! Ni kuwa na buga tebur na ce mu je 'yar baftismata ta duba."

"To ai shi ke nan. Me ya rage?"

Fidencio ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya.

"Da na koma gida na zuba su a kan gado. Ɗaya ba ta kwanta mini ba. Ban san me ke damunta ba, amma ba ta yi kama da 'yan'uwanta ba. Ka riga mu zuwa, ka yi wa yarinyar magana. Kai ne ubanta. Duk abin da ta gani ta ce lafiya lau. Ba sayarwa zan yi ba, ba wanda zan cuta. Aure ne kawai."

Hannun Anselmo ya tafi aljihun wandonsa ba tare da ya aike shi ba. A nan tasa dalar take, ita ma ta azurfa. Bakwaini aka haifi Nayeli, 'yar mitsitsiya, cibiyarta ta turo waje kamar ƙoƙon yatsa. Doña Eufemia, mahaifiyar Fidencio, ita ta zo da dalar a ƙulle a gefen mayafinta, ta ɗora a kan cibiyar, ta ɗaure da ƙyalle yadda tsofaffi suke yi. Ta ce a bar wa jaririya, kuma ba ta son surutu. Cibiya ta koma, yarinya ta rayu, tsohuwa ta rasu, dalar ta zauna a aljihun Anselmo. Duk lokacin da birki ya yi masa wasa a gangare, ko Nayeli ta kwana da zazzaɓi, ko ta shiga ɗakin jarrabawa, da babban yatsa yake murza ta, har gaggafar da ke jikinta ta kusa shafewa.

Dalar nan ce ma ta jawo yarinyar cikin sana'ar tantance tsofaffin kuɗi. Tana ƙarama takan karɓe ta, ta kwanta rub da ciki a tsakar gida tana leƙen ta da tabarau na kakarta. Gefe ɗaya hoton gaggafa ne, ɗayan kuma hoton hula da haske kewaye da ita. Wata rana ta kafa masa doka: "Baba, gefen gaggafa kawai za ka riƙa murzawa. Gefen hula nawa ne." Bai taɓa karya dokar ba.

Kuma yau ba kamar kullum ba ce. Yau ake buɗe baje kolin tsofaffin kuɗi a zauren wani otal na tsakiyar gari, kuma ubangidanta na wurin aiki, wanda idanunsa suka fara gazawa, ya ba ta teburin tantancewa. Daga yau sa hannunta ne zai hau takardar shaida. Ta sha gaya masa cewa a wannan aiki suna ne kaɗai jari, wanda ya wuce da jabu sau ɗaya ya gama yawo.

"Compadre, ka ji ni kuwa?"

"Na ji ka."

Ya sayi gordita biyu masu wake da cuku, ya gaya wa mai kula da tasha zai ɗan makara, ya gangara cikin gari a ƙafa. Duk hanya lissafi ɗaya yake yi yana rushewa. In yarinyar ta faɗi gaskiya, Fidencio zai sha kunya a gaban surukinsa, kuma ya san zuciyar compadrensa, ba ya mantuwa. In ta rufa masa asiri, a idon dillalai za ta yi, waɗanda ko ƙura ce a kan tsaba sai sun gani.

Zauren ya cika da tebura masu murfin gilashi da tsofaffi masu sunkuyar da kai. Can ƙarshe ya hango Nayeli cikin baƙar riga, ta ɗaure gashinta a baya. A gabanta akwai shimfiɗar koren ƙyalle, da ɗan sikeli, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ƙaramin allo mai suna: N. Rentería. Ya tsaya ya karanta allon, ya sake karantawa, kamar akwai wani harafi da zai ƙaru.

"Baba! Ka gudu daga aiki?"

"Hutun rana ne. Ga gordita na kawo miki."

"Kada ka ɗora a kan ƙyallen nan, mai ne da ita! Miƙo nan." Ta tura ƙunshin ƙarƙashin tebur. "Ka ga allona?"

"Na gani. Sun rubuta shi daidai." Ya yi gyaran murya. "Padrinonki, uban baftismarki, yana tafe."

"Ya kira ni. Na ce masa in ya kuskura ya goge su da man goge baki, ni da shi ne."

"Mutum ne mai zuciya, Nayeli. Kin tuna teburin karatun da ya ƙera miki? Ko kwabo bai karɓa ba. Ranar da aka kwantar da ke a asibiti shi ya..."

Ta ajiye gilashin da take gogewa, ta dube shi sosai.

"Baba, akwai abin da kake son gaya mini?"

Ya dubi allon. Ya dubi dattijon ubangidanta da ke zaune a baya, hannuwa a kan sanda, ya jingina kamar wanda ya sauke kaya. Maganar tana bakin harshensa, har ya ji ɗacinta.

"Ki ci tun da zafi," ya ce.

Ba a jima ba suka iso. Fidencio a gaba da akwatinsa, Don Heraclio a baya, ƙaton mutum dillalin busasshen barkono, da faffaɗar hula da muryar da ta saba da kasuwa.

"Af, ke ce alƙaliyar? Ni na zaci tsoho zan tarar mai gemu har ƙirji."

"Tsohon yana can baya yana hutawa, Don Heraclio. Ni ce na rage."

"To Allah ya ba ki ido, 'yata. Surukina ya ce daga hannun kakan kakansa suka fito. Nawa kakan kakan ma ya bar mana jaki, har yanzu muna neman sa."

Dillalan da ke kusa suka yi dariya, suka fara matsowa. Fidencio ya buɗe akwatin, ya kalli Anselmo da gefen ido. Anselmo ya sami wani abin kallo a rufin ɗaki.

Nayeli ta sa farar safar hannu. Ta riƙa ɗaukar kowace dala ta gefe, ta ɗora a sikeli, ta sauke. Sannan ta ɗora ta a kan ɗan yatsanta ta ƙwanƙwasa da fensir. Amo ya tashi siriri, mai tsawo, kamar ƙararrawar coci daga nesa. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta waƙa. Ɗaya kuwa da aka ƙwanƙwasa ta sai ta ce tak, ta yi shiru. Nayeli ta tura ta gefe guda. Babban yatsan Anselmo ya ƙara sauri a cikin aljihu.

Ta jawo fitila, ta kafa gilashin ƙara girma a ido. Ta daɗe a kan ta farko. Da ta ɗauki ta biyu sai ya ga kafaɗunta sun tsaya cak, irin tsayuwar da take yi tun tana ƙarama in ta gano wani abu. Ta fara jera su a layi, ta ɗauke wannan ta kai gaba, ta dawo da waccan baya.

"Padrino, matso ka gani. Kowace dala da hatimin ƙarfe ake buga ta, hatimi kuwa gajiya yake yi. In ya tsage, tsagar takan fito a jikin duk dalar da ya buga bayan nan, kamar zaren gashi. Duba wannan ta farko, gefen hula. Ka ga zaren? Yanzu ya fara fitowa daga bakin hular. A ta biyu ya ƙara tsawo. A nan ya shiga cikin hasken da ke kewaye da ita. A nan ya kai rubutu. Wannan ta ƙarshe kuwa, ka ga ƙullutun nan a baki? Nan ne guntun ƙarfen ya ɓalle gaba ɗaya."

"Ma'ana?" in ji Fidencio.

"Ma'ana na gaske ne, har da ƙari. Hatimi ɗaya ya buge su, a aiki ɗaya, yana cikin mutuwa. Ba a tara irin wannan a kasuwa. Wanda ya tara su a bakin injin yake tsaye."

Dattijon ubangidanta ya miƙe da sandarsa, ya zo ya karɓi gilashin, ya bi layin har ƙarshe da idon da ya rage masa. Ya mayar mata, ya dafa kafaɗarta. Fidencio ya ɗaga ƙirji har maɓallin rigarsa ya nemi tsinkewa.

"Ka ji ko? A bakin inji! Ina jakin naku?"

"Na ji," in ji Don Heraclio. "Amma ni ɗan kasuwa ne, na iya ƙirga. Goma sha biyu nake gani a layi. Waccan marainiyar fa?"

Nayeli ta ɗaga kai. Ba Fidencio ta duba ba, ubanta ta duba. Anselmo ya san in ya girgiza kai ko kaɗan za ta gani. Ya fitar da hannunsa daga aljihu, ya tsaya ƙyam, bai kawar da ido ba.

"Wannan jabu ce, Padrino," ta ce. "Azurfa ce, amma ba a buga ta ba, narka ta aka yi aka zuba. Ba ta kai nauyi ba. Ga ƙananan ramuka a fuskarta, ga inda aka goge haɗin gefe. Kuma daga wannan ta biyar aka kwafe ta. Duba, tsagarsu ɗaya, har wannan ɗan tabon da ke jikin ta biyar ya fito a jikinta. Maƙeri ne mai hannu ya yi ta, da daɗewa. Amma ba zan sa hannu a kanta ba."

Don Heraclio ya tura hularsa baya ya ce, "Hmm," kuma wannan hmm ɗin ya fi zagi ciwo.

Fidencio ya juyo a hankali.

"Ka yi mata maganar?"

"Ban yi ba, compadre."

"Ba ka yi ba."

"Na zo da niyya. Na kasa."

Fidencio ya gyaɗa kai sau da yawa. Ya jawo akwatin, ya miƙa hannu zai kwashe dalolin.

"Dakata, Padrino, ban gama ba." Nayeli ta sa yatsa ta raba layin, ta bar gurbi a kusa da ƙarshe. "Tsakanin wannan da wannan tsagar ta yi tsalle. Akwai wadda ta fita daga nan. A jikinta zaren ya ƙetare haske, ya zo ya taɓa ƙafar lamba takwas da ke cikin rubutun, ya tsaya." Muryarta ta sauka. "Na san wannan zaren tun ban iya rubuta sunana ba."

Ta miƙa tafin hannunta.

"Baba."

Da farko bai gane ba. Da ya gane sai ya ji kamar an ce ya ciro haƙorinsa ya ajiye a kan tebur. Bai taɓa hawa bas babu ita a aljihu ba. Yau ma akwai aikin yamma, akwai gangaren nan mai lanƙwasa biyu da ruwa ya cinye gefensa. Ya sa hannu a aljihu, ya daɗe a ciki, sannan ya fito da ita da ɗuminta.

Ta ɗora ta a sikeli. "Ta ɗan rame, aikin yatsanka ne." Ta ƙwanƙwasa, amo ya tashi ya bi na 'yan'uwanta. Ta kifa gaggafar ƙasa, ta ajiye ta a gurbin, ta miƙa wa Fidencio gilashin. Gefen hula yana nan garau yadda ta bar shi tun tana yarinya.

Fidencio ya sunkuya ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Ina ka samo wannan?"

"Doña Eufemia ce ta kawo. Lokacin cibiyar Nayeli. Ta ce kada a yi surutu, ni kuma ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba."

"Inna?" Fidencio ya dubi jabun da ke gefe. Ya ɗauke ta, ya juya ta a hannu. "Akwatin a ɗakinta yake kwana. Awarwaronta na azurfa... A shekarar nan ne ta ce ya faɗi a kasuwa. Har ƙarƙashin teburan masu tumatir na shiga ina nema, tana tsaye tana nuna mini inda zan duba! Ashe shi ta kai wa maƙeri ya narka, ta cike gurbin da ta ɗauka!" Dariya ta ƙwace masa, ya goge ido da bayan hannu. "Kai, tsohuwar nan!"

Ya sa yatsa ya turo dalar Anselmo daga layin.

"Ɗauki abinka. Uwata ta bayar, ba na karɓe abin da ta bayar. A sayo masu ruwan zinariyar."

Anselmo ya dubi dalar. Yatsansa har ƙaiƙayi yake yi. Ya dubi 'yarsa a bayan tebur, tsaye da ƙafafunta, dillalai masu furfura sun kewaye ta suna jiran abin da za ta ce.

"Cibiya Innarka ta ba wa, compadre," ya ce. "Cibiya kuwa ta koma tuntuni. Dubi yarinyar."

Ya mayar da dalar gurbinta da hannunsa.

"Ka ba ni waccan ta awarwaron. Aljihuna bai saba zama fanko ba."

Don Heraclio ya sunkuya ya juya dalar da farcensa. "Amma wannan ai ta sha wuya. Wannan gaggafa ce ko kazar da aka fige?"

"Ta gaske ce," in ji Nayeli, tana jawo takarda. "Zan rubuta cewa gefe ɗaya ya shafe ƙwarai. In kana son sanadi ma sai in ƙara: direban bas."

Aka kwashe da dariya. Don Heraclio ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, abin da Anselmo bai taɓa jin an ce ya yi wa kowa ba.

"'Yata za ta karɓa, da hannu biyu. Suruki, birria, farfesun akuyar ranar biki, a kaina take. Kuma ki zo, alƙaliya, amma kada ki kawo gilashin nan kusa da barkonona."

Nayeli ta rubuta shaidar goma sha uku, ta sa hannu. Sannan ta ɗauki jabun ta saka a ƙaramin ambulan, ta rubuta JABU da manyan baƙaƙe a bayansa, ta sa hannu a nan ma.

"Doka ce, Baba. Kada wata rana ka manta ka sayar wa wani."

A bakin ƙofa Fidencio ya kama Anselmo ya rungume da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da akwatin.

"Matsoraci," ya ce masa a kunne. "Aike ɗaya na yi maka."

"Kai ka je ka gaya mata mana. Ai kai ka riƙe ta a coci."

"Ni? Allah ya tsare ni."

Da yamma bas ta cika da masu tashi daga aiki. Da suka doshi gangaren, hannun Anselmo ya tafi aljihu da kansa. Ya zaro dalar daga ambulan da yatsu biyu. Ba ta da santsin waccan, kuma da sanyi take. Ya murza ta duk da haka, ya taka birki, birki ya kama.

A tsayawa ta gaba wani dattijo mai kwandon lemo ya sa ƙafa ɗaya a matakala.

"Direba, kana bi ta babbar kasuwa?"

Anselmo ya ɗora dalar a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da makullin gidansa. Ta ce tak.

"Ka ji wannan, dattijo? Jabu ce."

Dattijon ya dube shi, ya dubi kwandonsa. Motocin baya suka fara hon.

"Ga shi ma a rubuce," in ji Anselmo, yana ɗaga ambulan ɗin ya juyo da sa hannun wajen haske. "Karanta sunan da ke ƙasa. 'Yata ce ta gano."